Garken da Ya Gudu Daga Cikin Inna Tabawa

A wani birni da ba sai na faɗi sunansa ba, an yi wata mai sayar da atamfofi da ake kira Hajiya Barira. Ran wata Talata da hantsi ta shiga ɗakin mahaifiyarta, Inna Tabawa, da kofin shayi a hannu, sai ta tarar da abin da ya kusa sa kofin ya suɓuce mata. Tsohuwar tana barci, baki a ɗan buɗe, ga waɗansu shanu suna fitowa daga bakin nan a jere, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Akwai farare, akwai jajaye, akwai masu roɗi-roɗi, duk a rame, haƙarƙari a waje. Suka gangaro ta kan matashi, suka bi ƙafar gado, suka ratsa tsakar ɗaki suka nufi ƙofa, ba wadda ta waiwayo.

Kafin mu bi su, bari ku ji yadda aka yi tsohuwar ta zo gadon nan. Shekara uku da suka wuce tana ƙauyensu, Tungar Maje, ta haura tamanin amma ita ke surfenta, ita ke dakanta, ta je fadama ta tsinko rama da tafasa ta dawo ko haki ba ta yi. Sai wata rana a gidan biki maƙwabciyar Barira, Hajiya Lantana, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, ta dube ta a gaban mutane ta ce, "Ashe kina nan kina shiga mota mai sanyi, uwarki na can tana tsinkar ganye kamar akuya?" Maganar ta soki Barira har cikin rai. Washegari ta tura mota aka ɗauko tsohuwar.

To, daga ranar aka shiga hutar da Inna Tabawa, hutun da ya fi ƙarfinta. Da safe burodi mai laushi da shayi, da rana farar shinkafa, da yamma taliya da lemon kwalba. Daddawa, Barira ta ce tana sa gida wari. Zogalen da ke tsakar gida aka sare shi, aka shafe wurin da siminti. In tsohuwa ta yi tari sau ɗaya, sai a aika a sayo kafso a ɗura mata, ba a ko tambayi likita ba. In ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Wallahi duk don ƙauna aka yi, abin da ya sa labarin ke ba ni tausayi ke nan. Sai ciki ya fara ƙi, yau kumburi gobe zawo, gwiwoyi suka riƙe, mantuwa ta shigo. Matar da ke ɗaukar dami ta koma salla a zaune, daga baya a kwance, kuma kowa ya duba ta ya san tafiya ta kusa.

Barira ta ajiye kofi ta bi shanun nan. Suka fita tsakar gida, suka nufi inda kututturen zogale yake a da, suka shige wata 'yar tsaga a simintin. Ta durƙusa ta yi bisimilla ta sa ɗan yatsa a tsagar, sai ƙasa ta buɗe ta haɗiye ta ɗungurungum.

Ta faɗo a wani fili fari fat, iya ganin ido. Shanun da ta biyo ga su nan a gabanta sun zama manya kamar na kowa, suna tafe suna layi don yunwa. Ta ɗebi ƙasar wurin ta duba, ashe ba rairayi ba ne, garin fulawa ne da sukari, ko tsinken ciyawa ɗaya babu. Ƙafa tana nutsewa har gwiwa. Dama da hagu ga ƙasusuwan shanun da tafiyar ta kayar. Ta yi ta ja, ga jiki ba na wahala ba, har maƙogwaronta ya bushe ƙamas.

Can sai ga wani kogi ja yana tafasa da kumfa, ƙamshinsa na tashi. A bakinsa wata aljana na zaune kan kujerar gilashi, kyakkyawa ta gaske, sai dai da ta yi murmushi Barira ta ga ko haƙori ɗaya babu a bakinta. Aljanar ta miƙo kofin zinariya ta ce, "Maraba da 'yar Adam. Ni ce Sarauniyar Zaƙi. Sha ki huta, ba a wuce ni da ƙishirwa."

Barira ta kai hannu ke nan sai ta lura shanun nan, duk da ƙishin da ke cinsu, sun kau da kai daga kogin. Ta janye hannunta ta ce, "Ranki ya daɗe, na gode. Abin da dabba mai ƙishirwa ta ƙi, ni ma na haƙura da shi."

Aljanar ta ƙyalƙyale da dariya. "Yau kuma ke ce mai gudun ruwana? Ai ke kika haƙa kogin nan da hannunki, kwalba-kwalba, shekara uku. Wuce, amma ki sani gaba ta fi nan zafi."

Barira ta kama wutsiyar wata baƙar saniya suka haye. Ba su yi nisa ba suka shiga wani kwari, sama ta yi baƙi, ƙanƙara ta ɓarke. Kowace ƙanƙara girman tulu, rabinta ja rabinta rawaya, inda ta faɗi sai ta fashe ta ƙone wurin. Barira ta ruga ƙarƙashin wani dutse, ta tarar da wata tsohuwar kura ta riga ta fakewa. Ta juya za ta gudu.

Kurar ta ce, "Zauna, ba na cin mai yi mini alheri."

"Ni? Wane alheri na taɓa yi miki?"

"Wannan ƙanƙarar da kike aikowa duk sati. Tana kashe mu, gaskiya ne, amma ba ta da ido, tana kashe shanu ma. Mu kuwa kuraye mun fi su saurin haihuwa. Kafin ɗan maraƙi ya miƙe, mun cika dajin. A da bijiman garken nan ko kusa da shinge ba sa bari mu zo. Yanzu ƙasar tsohuwarki tamu ce, muna haƙa ramuka a katangarta yadda muka ga dama. Allah ya ƙara miki buɗi, ki ƙara sayowa."

Barira ba ta taɓa jin godiyar da ta ƙona mata rai irin wannan ba. Ƙanƙara na tsagaitawa ta fito da gudu, ta bi sauran shanun da suka tsira, tana kuka tana share hanci da gefen mayafi.

Da suka fita kwarin, sai ƙasa ta canja. Ga ciyawa shar, ga itatuwa iri-iri, ga shanu sun rufe tudu da gangare, ba mai iya ƙidaya su. A gindin wata tsamiya wani dogon aljani na tsaye, gemunsa har cibiya, ya jingina da sanda wadda ganye ke tsirowa a jikinta. Barira ta zube ta yi gaisuwa.

"Salamu alaikum, ya shugaban wannan wuri."

"Wa alaikumus salam, 'yar Adam. Ni ne Arɗon Ɓoye, makiyayin garken da masu shi suka wulaƙanta. Me ya kawo mai takalmi mai tsini rugarmu?"

"Allah ya ja zamaninka, shanun da suka fito daga cikin mahaifiyata na biyo. Ban san tana da su ba."

Arɗo ya girgiza kai. "Ba wanda ya sani, shi ya sa nake shan aiki. Kowane ɗan Adam makiyayi ne, garkensa na cikin hanjinsa, yawansu ya fi ƙarfin lissafi. Tun ranar haihuwa uwa ke ba ɗanta na farko. Abin da mutum ya ci ya gagare shi narkarwa, dusar hatsi da jijiyar ganye da ɓawon wake, shi ne kiwonsu. Su kuma su ba da nono, da nonon ake yaɓe katangar ciki. In katanga ta tsage, sai wata wuta marar harshe ta riƙa tsiyaya cikin jiki, ta ci gwiwa, ta ci ƙwaƙwalwa, ku ce tsufa ne. Wani tsufa ne, wani kuwa yunwar garke ce." Ya nuna wani tudu da sandarsa. "Dubi can. Waɗancan ba gudowa suka yi ba, gaisuwa suke kawo mini su koma. Na wani tsoho ne mai shekara ɗari da huɗu, har yau shi ke zuwa masallaci da ƙafarsa. Ƙirga launinsu in kin iya."

Barira ta duba, ta ga launin da ba ta san sunansa ba ma. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni na Inna in mayar mata, ko ta ƙara shekaru."

"Kul! Kwana na Allah ne, ba ni da ko ɗaya da zan bayar. Abin da garke ke yi shi ne mutum ya ci kwanakinsa a tsaye. Kuma ƙanƙarar da kika gani, kada ki tsine mata. Ranar da kuraye suka yi yawa rahama ce, in wanda ya san aikinta ne ya aiko ta. Ke dai kin mai da ita kamar gyaɗar taunawa." Ya miƙo mata faifai wanda ba komai a kansa. "Ga sharaɗi. Shanun uwarki sun gauraya da na dubban mutane. Ba sa amsa suna, sai kiwo. Ki kira abin da take ci a ƙauye, duk wanda kika ambata zai bayyana a faifan nan, masu cinsa su fito. In inuwar tsamiyar nan ta taɓa ƙafarki ba ki tara su ba, na raba su ga wasu, ki koma hannu wofi."

Barira ta riƙe faifai, kanta ya ɗaure. Matar da ta san sunan atamfa ɗari, sai ga shi tana in'ina. Ta ce, "Dawa." Zangarniyar dawa ta faɗo a faifai, waɗansu jajayen shanu suka ɗago kai suka taho. Ta ce, "Gero. Maiwa. Wake." Suka ƙaru. Daga nan ta tsaya cik, inuwa kuwa tana matsowa.

Sai ta rufe ido, ta ga kanta tana 'yar shekara bakwai, tana bin bayan Inna a hanyar fadama da ƙwarya a ka. Bakinta ya buɗe da kansa. "Rama! Tafasa! Yaɗiya da lalo da karkashi! Zogale da ƙuli! Kuka, kuɓewa, gauta, kabewa! Gurjiya! Aya! Ɗinya da kanya da magarya, aduwa mai ɗaci, goruba mai karya haƙori! Tsamiya a kunu! Nono mai tsami!" Faifai ya cika ya tumbatsa, ƙasa ta ɗauki rawa da sawun shanu. Sa'annan a hankali, cikin kunya, ta ce, "Daddawa." Wani garke guda ya taso da gudu har yana ture na gabansa. Arɗo ya yi dariya har gemunsa na kaɗawa.

Amma duk suka tsaya nesa kaɗan, suna duban wata tsohuwar jar saniya mai karyayyen ƙaho da ke kwance tana tuƙa. Ita ce uwar garke, in ba ta tashi ba ba mai tafiya. Inuwa saura taki ɗaya. Barira ta je gabanta ta durƙusa.

Saniyar ta buɗe baki ta ce, "Na san ki. Daga cikinmu aka ɗebi waɗanda aka ba ki ranar da aka haife ki. Kiwo kin kira, mun ji. Amma mu ba ma zama a ƙasar da ba ta motsi. Shekara tamanin muna jin bugun taɓarya daga sama, muna jin tafiyar fadama, ciyawarmu na gudana. Kika zo kika kwantar da ita kamar kayan ado. Me ta yi miki?"

Barira ta fashe da kuka. "Ba ta yi mini komai ba. Gori aka yi mini, na ji kunya."

"To, zaɓi. Ko kunyarki ko uwarki. Ki yi alkawari, duk aikin da hannunta ya ɗauka da kansa ba za ki karɓe ba, ko duk garin zai taru ya zage ki. Ranar da kika karɓe, a ranar za mu fito, kuma ba kira na biyu."

"Na yi alkawari, Allah ne shaida."

Jar saniya ta yunƙura ta miƙe daidai lokacin da inuwa ta lashi bakin takalmin Barira. Arɗo ya kawo ƙwarya cike da nono mai tsami, ya buga sandarsa a ƙasa. Shanun suka ƙanƙance, suka yi ta tsalle cikin ƙwaryar har na ƙarshe. Ya ɗora mata a ka ya ce, "Iri bakwai sun mutu a hanya, ba ni da su. Ki neme su wurin tsofaffin da ta saba ci da su a akushi ɗaya. Kada ki sauke ƙwaryar nan a farin fili, kada ki bari ƙanƙara ta taɓa ta. Sauka lafiya, 'yar Adam."

Ta tuɓe takalman nan ta bar su a rugar, ta kamo hanya. A kwari ƙanƙara ta sake ɓarkewa. Ta rungume ƙwarya a ƙirji ta duƙa a kanta, wata ta sauka a kafaɗarta, ta ji kamar an ɗora mata garwashi, amma ba ta saki ba. Kuraye suka biyo ta suna kiranta uwar ɗakinsu, suna roƙo ta tsaya su gaisa. Sarauniyar Zaƙi ta ce ta kawo a ɗan zuba wa nonon zaƙi, ai tsohuwa za ta fi son sa. Barira ko kallo ba ta ba su ba. A farin fili wuyanta ya sage, ƙafafu suka yi nauyi, sau uku tana faɗuwa a gwiwa ƙwarya na kanta. A na huɗu ta ga tsagar haske a sama, ta yi salati ta miƙa hannu.

Ta tsinci kanta a tsakar gidanta, la'asar sakaliya, ba takalmi, ga ƙwarya a ka. Ta shiga ɗaki ta tallafo kan tsohuwar ta ba ta cokali ɗaya. Inna Tabawa ta ɗanɗana, ta buɗe ido. Da yake Barira 'yar fari ce, tsohuwar ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ta ce, "'Yar nan, ina kika samo nonon mutane?"

Kada ku zaci ta tashi a ranar ta yi rawa. Garken da aka yi shekara uku ana kora ba ya murmurewa a wuni ɗaya. Barira ta sa aka fasa simintin tsakar gida aka dasa zogale da rama. Ta je Tungar Maje da kanta ta roƙo irin nono da daddawa, ta kuma ɗauko tsofaffin ƙawayen Inna biyu, suka zo suka zauna suna cin tuwon dawa da miyar kuka a akushi ɗaya, suna gulmar mutanen da suka mutu tun kafin a haifi Barira. Sati biyu kumburi ya sauka. Sati huɗu tsohuwa ta yi salla a zaune. Bayan wata biyu aka gan ta tana dafa bango tana zaga gida, tana faɗan an bar tukwane ba wanki.

Ran wata Juma'a da safe Barira na ɗaki sai ta ji wani sauti daga tsakar gida, tim, tim, a hankali, da dogon hutu a tsakani. Ta fito. Ga Inna Tabawa a tsaye gaban turmi, ta ci ɗamara da ɗankwali, tana surfen gero da siraran hannuwan nan nata, gumi na bin wuyanta. Kamar an aiko ta, sai ga Hajiya Lantana ta yi sallama ta shigo, ta tsaya turus ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Hajiya Barira, da ranki da lafiyarki da dukiyarki? Tsohuwar da ta tashi daga ciwo jiya-jiya? Me mutane za su ce?"

Kafin Barira ta yi tunani, ƙafafunta sun kai ta bakin turmi, hannunta ya miƙe. Tsohuwar ta ga hannun. Ta daina daka, ta sunkuyar da kai, ta miƙo taɓaryar da kanta kamar yarinyar da aka kama da laifi. Wannan miƙowar ita ta karya zuciyar Barira. Shekara uku ke nan tana koya wa uwar da ta haife ta jin kunyar ƙarfinta.

Ta sa tafin hannu ta tura taɓaryar ta mayar mata, ta damƙe yatsun tsohuwar a kanta. Sa'annan ta juya ta ɗauko ɗaya taɓaryar da ke jingine a bango, ta cire awarwaronta na zinariya ta ajiye a kan faifai.

"Hajiya Lantana, ki je ki gaya musu. Ki ce kin ga uwata a tsaye."

Ta ɗaga taɓarya ta buga, taɓaryar ta sauka a gefen turmi, gero ya fantsama, kaji suka rugo. Inna Tabawa ta dube ta sama da ƙasa, ta yi tsaki, amma bakinta na murmushi.

"'Yar nan, hannunki ya mutu. Bi ni a hankali, in na ɗaga ki sauke."